Bashi, Jari da Riba: Tambayoyi da Amsoshi kan Abin da ke Riƙe da Banki

Banki yakan sanar da riba mai tsoka a ƙarshen shekara, a tafa masa, bayan shekara biyu kuma a ji an rufe shi ko gwamnati ta karɓe shi. Mutane sai su riƙa tambaya: ina ribar ta tafi? Amsar tana cikin abubuwa uku da ke ɗaure da juna, wato irin bashin da bankin ya bayar, yawan jarin da masu shi suka zuba, da yadda ake ƙirga ribar tun farko. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Me ake nufi da haɗarin bashi?

Yiwuwar wanda aka ba rance ya kasa biya, ko ya ƙi biya, ko ya biya a makare, ko ya biya rabi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ga banki bashi shi ne sana'ar gaba ɗaya. Mafi yawan abin da bankin kasuwanci yake kira dukiyarsa alkawari ne kawai: wane zai biya kaza ran kaza. Idan alkawuran suka cika, banki na nan daram. Idan kaɗan daga cikinsu suka tashi, sai a fara jin jiki.

Wai da kuɗin wa banki yake ba da rance?

Da kuɗin masu ajiya, galibi. Wannan ita ce gaskiyar da ta sa ake sa wa banki ido fiye da kowane irin kamfani.

Ɗauki banki mai dukiya 100. Daga ciki 90 kuɗin mutane ne da suka kawo ajiya, 10 kuma na masu bankin ne, wato jarinsu. Bankin ya ba da rancen wannan kuɗi. Idan 5 suka maƙale ba su dawo ba, mai ajiya bai san ma an yi ba, domin har yanzu akwai 95, kuma 90 yake bi. Amma dubi masu bankin: rabin jarinsu ya tafi a kan asarar kashi 5 kacal. Idan 11 suka maƙale, jari ya ƙare ƙaf, an fara taɓa kuɗin masu ajiya, bankin ya mutu ko da ƙofarsa na buɗe.

Ɗan kasuwan da ke juya kuɗinsa na kansa zai iya yin asarar kashi 11 ya share gumi ya ci gaba. Banki ba zai iya ba. Kamfanin Lehman Brothers na Amurka, wanda ya durƙushe ranar 15 ga Satumba 2008, yana riƙe da dukiyar da ta ninka jarinsa kimanin sau 30. A irin wannan hali, darajar abin da ke hannunka ta sauka da kashi 3 ko 4 kawai, ka tashi a tutar babu.

Jarin banki kuɗi ne da ake kullewa a ɗakin ajiya?

A'a, kuma wannan kuskure ya yaɗu har a bakin waɗanda ya kamata su sani. Za ka ji ana cewa an tilasta wa bankuna su "ajiye" jari, kamar an ɗaure wasu kuɗi an hana su aiki. Jari yana aiki kamar kowane kuɗi, ana ba da rancensa. Abin da ya bambanta shi da ajiya shi ne mai shi. Kuɗin mai ajiya dole a mayar masa duk ranar da ya nema. Kuɗin mai hannun jari babu wanda ya yi alkawarin mayar masa, kuma shi ake fara ci idan asara ta zo. Saboda haka idan aka ce banki ya ƙara jari, ma'anar ita ce masu bankin su ƙara sa wuyansu a cikin abin da suke yi da kuɗin jama'a.

Me banki ke dubawa kafin ya amince da rance?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gyarawa ko a ɓata.

Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya fara da tambayar me za ka jinginar. Yana fara da: daga ina kuɗin biya zai fito? Sai ya karɓi takardar shige da ficen asusunka na wata shida ko shekara, ya bi ta layi-layi da biro a hannu. Yana neman kuɗin da ke shigowa a kai a kai daga masu sayen kaya na gaske. Yana kuma neman abin da ke ta da hankali: kuɗi mai yawa da ya shigo ranar Litinin ya fita ranar Talata zuwa asusun da ya turo shi, don kawai a kumbura lissafi, cak ɗin da aka mayar saboda babu kuɗi, wani adadi da ke fita duk wata zuwa wani mai ba da rance da ba a ambata ba a takardar nema. Bayan haka ya tashi ya je wurin da kansa. Takarda ta ce akwai kaya cike da sito, to a buɗe sito a gani, a ɗaga kwalin da ke can baya, domin an sha samun na gaba cike, na baya fanko.

Sannan hali. Wanda ya taɓa cin bashin wani banki ya gudu, da wuya ya zama na kirki a naka. Shi ya sa ƙasashe da yawa suke da rumbun bayanan masu karɓar bashi, inda kowane banki ke kai rahoton wanda ya biya da wanda ya ƙi. Ana kuma duba nawa mai nema ya zuba daga aljihunsa. Wanda yake son banki ya ɗauki nauyin kasuwancin ɗari bisa ɗari, ranar da abu ya yi tsami ba shi da abin da zai tsaya karewa. Daga nan sai yanayin kasuwar da yake ciki: idan yana shigo da kaya da kuɗin waje yana sayarwa da kuɗin gida, me zai faru idan canji ya tashi? Idan mutum ɗaya ne ke sayen rabin kayansa, idan wannan mutum ya juya baya fa?

Akwai wani tsari da nake ganin ya fi duk waɗannan muhimmanci, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Wanda ya kawo mai neman rance bai kamata ya zama shi ne mai amincewa ba. Mai kawo kasuwa ana auna ƙwazonsa da yawan rancen da ya fitar, tukuicinsa na ƙarshen shekara a kan haka yake. Dole a samu wani a gefe, wanda albashinsa bai dogara da fitar rancen ba, mai ikon cewa a'a, kuma shugaban banki ba zai iya korarsa don ya faɗi haka ba. Duk bankin da aka mayar da wannan mutum ɗan amshin shata, lokaci kawai yake jira.

Idan akwai jingina mai daraja, ina sauran haɗari?

Jingina hanyar fita ce ta biyu, kuma takan toshe daidai lokacin da ake buƙatarta. Dalili kuwa, abin da ya hana mai rance biya shi ne sau da yawa yake karya darajar abin da ya jinginar. A Amurka kafin 2007 an riƙa ba mutane rancen gida ba tare da an tabbatar da abin da suke samu ba, bisa tunanin cewa ko sun kasa biya, gidan na nan, kuma farashin gida ba ya sauka. Da dubban mutane suka kasa biya a lokaci guda, bankuna suka fito da gidajen kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ireland da Sifaniya sun ga irin wannan a wancan lokaci. Ƙara da cewa sayar da jingina yakan bi ta kotu, ya ci shekaru, lauya ya ci nasa, kadarar na lalacewa.

Ta yaya ake ƙiyasta asara tun ba ta faru ba?

Da tambayoyi uku. Cikin masu irin wannan rance, kashi nawa ne ke kasa biya a shekara? Idan mutum ya kasa, nawa ake binsa a ranar? Bayan an sayar da jingina an bi duk hanyar da za a bi, kashi nawa ne ke salwanta? A ce banki ya ba da rancen miliyan 100 ga ƙananan 'yan kasuwa, tarihi ya nuna kashi 3 ke kasawa, kuma idan sun kasa ana rasa kashi 40 na abin da ake binsu. Asarar da ake tsammani ita ce miliyan 1.2. Wannan ba masifa ba ce, tsadar sana'a ce, kuma ana cusa ta a cikin kuɗin ruwan da kowa ke biya. Shi ya sa wanda ake ganin ya fi haɗari yake biyan ruwa mafi tsada.

Matsalar ita ce shekarar da kashi 3 ɗin ya zama 12. Wannan asarar ba-zata ita jari ke tarewa. A taƙaice, kuɗin ruwa da tanadi, wato abin da banki ke warewa daga ribarsa don tarar asara, na shekarar da aka saba gani ne, jari kuma na baƙar shekara.

Yaushe ake cewa bashi ya lalace?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne kwana 90. Idan an wuce kwana 90 ba a biya abin da ya kamata ba, ko kuma ya bayyana a fili cewa mai rancen ba zai iya biya ba sai an sayar da jingina, bashin ya shiga sahun marasa biyuwa. Daga nan banki ya daina ƙirga ruwansa a matsayin riba, ya kuma ware tanadi daga ribarsa.

Da can sai asara ta bayyana ake ware tanadi, abin da ya sa a rikicin kuɗi na duniya na 2008 aka yi shi a makare kuma bai isa ba. Ƙa'idar lissafi ta IFRS 9, wadda ta fara aiki a 2018, ta sauya wannan. Tun ranar da aka ba da rance ake ware tanadin asarar da ake hasashe cikin wata 12. Idan alamun rauni suka ƙaru sosai, misali an yi jinkirin fiye da kwana 30, sai a ware na tsawon rayuwar rancen gaba ɗaya.

To amma fa ana iya ɓoye gawa. Hanyar da aka fi bi ita ce a ba mai rance sabon bashi ya biya ruwan tsohon, ko a riƙa sabunta wa'adi duk lokacin da kwana 90 suka matso. A littafi bashin na da rai, har riba yake kawowa. Bankunan Japan sun daɗe suna haka bayan faɗuwar farashin filaye da hannun jari a farkon shekarun 1990, suna ɗauke da kamfanonin da suka riga suka mutu, kuɗin da ya kamata ya je ga masu sabuwar sana'a yana tafiya wajen rufa asiri. Ƙasar ta yi fiye da shekara goma tana jan ƙafa. Ba kowane sassauci ne yaudara ba. Mai sana'ar kirki da gobara ko annoba ta taɓa ya cancanci a ɗaga masa ƙafa. Bambancin shi ne ko an rubuta gaskiyar halin da ake ciki an kuma ware tanadi, ko an share ƙasa an rufe.

Mene ne Basel da ake yawan ambata?

Birni ne a Switzerland, inda Bankin Daidaita Biyan Kuɗi na Duniya yake da mazauni. A watan Yunin 1974 hukumomin Jamus ta Yamma suka rufe wani banki mai suna Herstatt da yammacin wata ranar aiki, bayan ya karɓi kuɗin Jamus daga bankunan waje amma bai kai ga biyan su dalolinsu a New York ba. Girgizar ta sa gwamnonin manyan bankunan ƙasashe masu arziki suka kafa kwamiti a ƙarshen shekarar don daidaita yadda ake sa wa bankuna ido.

A 1988 kwamitin ya fitar da yarjejeniya ta farko: jarin banki kada ya gaza kashi 8 cikin 100 na dukiyarsa bayan an auna ta da ma'aunin haɗari. Ta biyu ta zo a 2004, ta ba manyan bankuna damar amfani da nasu lissafin wajen auna haɗarin, ta kuma ƙara sa idon hukuma da wajabcin bayyana bayanai ga jama'a. Rikicin 2008 ya tona asirin raunin tsarin, sai aka fito da ta uku a 2010. Ita ce ta ce jari na asali, wato hannun jari da ribar da aka tara ba a raba ba, ya kai aƙalla kashi 4.5, alhali da kashi 2 ne. Ta ɗora ƙarin kashi 2.5 a matsayin garkuwa, wanda idan banki ya fara cin sa za a taƙaita masa rabon riba da tukuicin manyan ma'aikata. Ta kuma ba hukumomi ikon ƙara har kashi 2.5 a lokacin da rance ke hauhawa fiye da kima.

Kwamitin ba shi da ikon doka a kan kowa. Kowace ƙasa babban bankinta ko hukumarta ke mayar da ƙa'idojin doka, kuma da yawa suna sa nasu adadin sama da na Basel.

Yaya ake wannan awo na haɗari?

Kowane irin rance ana ba shi nauyi. A tsarin 1988, bashin gwamnatocin ƙasashe masu arziki nauyinsa sifiri, rancen gidan zama kashi 50, rancen kamfani kashi 100. Koma ga bankinmu mai dukiya 100. A ce 20 takardun bashin gwamnati ne, 30 rancen gidaje, 50 rancen kamfanoni. Na farko ya zama 0, na biyu 15, na uku 50, jimla 65. Idan jarinsa 8 ne, sai a raba 8 da 65, a samu kimanin kashi 12.3. Wannan shi ne adadin da ake bugawa a rahoto a ce ma'aunin isar jari.

Ka lura da abu guda: banki zai iya ɗaga wannan adadi ba tare da ya ƙara ko sisi a jarinsa ba, ta hanyar komawa ga abin da aka ba nauyi kaɗan, ko ta lissafin cikin gida da ke nuna haɗarin ƙarami ne. Shi ya sa Basel ta uku ta ƙara wani ma'auni mara ado: jari mai ƙarfi, wato jari na asali da makamantansa masu ɗaukar asara, ya kai aƙalla kashi 3 na dukkan abin da banki ya ɗauka, ba tare da wani awo ba. A 2017 kuma aka sa iyaka, cewa lissafin cikin gida ba zai sauko da nauyin ƙasa da kashi 72.5 na abin da ma'aunin gama-gari ya bayar ba.

Ke nan ba wa gwamnati rance ba shi da haɗari?

Yana da shi. A 2012 masu riƙe da takardun bashin Girka 'yan kasuwa sun yafe kashi 53.5 na abin da suke bi. Manyan bankunan Cyprus biyu da suka tara waɗannan takardu sun ji jiki ƙwarai, kuma a 2013 masu ajiyar da ta haura yuro 100,000 a cikinsu suka yi asarar wani ɓangare na kuɗinsu. Akwai kuma wata illa ta daban da ba a gani a lissafin haɗari: inda gwamnati ke biyan ruwa mai tsoka a kan takardunta, banki yakan ga babu dalilin wahalar bin manomi ko mai masana'anta, sai ya zuba kuɗin a can ya kwanta.

Me ya sa ake tsoron tara rance a wuri guda?

Domin lissafin kashi 3 da muka yi a sama yana aiki ne idan masu rancen suna da yawa kuma ba abu ɗaya ke kayar da su ba. Idan rabin rancen banki yana hannun masu haƙar mai, ko masu gine-gine, faɗuwar farashi ɗaya ta isa. Ƙa'idar Basel ta ce abin da banki ke bin mutum ɗaya, ko rukunin kamfanoni masu alaƙa, kada ya wuce kashi 25 na jarinsa mai ƙarfi. A 2021 bankin Credit Suisse ya yi asarar kimanin dala biliyan 5.5 a kan abokin hulɗa guda, kamfanin zuba jari na Archegos.

Mafi muni shi ne rancen 'yan gida: daraktoci, manyan masu hannun jari, 'yan'uwansu da kamfanoninsu. Wa zai je ya buɗe siton shugaban hukumar daraktoci? Wa zai aika masa takardar gargaɗi idan ya yi jinkiri? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a tarihin bankunan da suka rushe a ƙasashe da dama, wannan tsagar ce ake yawan tararwa idan masu bincike suka shigo.

Gaskiya ne yawan jari yana rage riba?

Yana rage kason da ke zuwa kan kowane hannun jari a shekarar alheri. Banki mai dukiya 100 da ya ci ribar 1, idan jarinsa 10 ne, masu shi sun samu kashi 10. Idan jarinsa 5 ne, sun samu kashi 20, a kan aiki iri ɗaya. Shi ya sa shugabannin bankuna ke son ƙaramin jari, musamman idan ana auna tukuicinsu da wannan adadi. Amma juya lissafin: shekarar da aka yi asarar 5, na farko ya rasa rabi yana nan tsaye, na biyu ya tafi.

A ganina, duk wanda ke yaba banki saboda yawan ribar da yake samu a kan jari, ba tare da ya tambayi nawa ne jarin ba, bai gama tambaya ba. Banki mai kaurin jari yakan samu rance da araha domin masu ba shi sun natsu, manyan masu ajiya sun fi sakin jiki da shi, kuma a lokacin tsanani, sa'ad da sauran suka rufe hannu, shi ne ke ci gaba da ba da rance yana kwashe abokan ciniki na kirki. Gaskiya ne jari yana da tsada, kuma idan aka tilasta wa bankuna su ɗaga ma'auninsu cikin gaggawa a tsakiyar matsi, wasu za su rage ba da rance maimakon neman sabon jari. Wannan hujja ce ta a tara jarin tun ana cikin wadata.

Haɗarin bashi kuwa kai tsaye yake cin riba, ta hanya uku a lokaci guda: ruwan da aka daina samu, tanadin da ake cirewa, da kuɗin bin bashi. Abin da ke rikita mutane shi ne tazarar lokaci. Rancen banza yakan kawo riba mai kyau a shekararsa ta farko da ta biyu, domin ruwansa ya fi tsada. Sai a ta uku ko ta huɗu yake nuna halinsa, wataƙila wanda ya sa hannu ya riga ya karɓi tukuicinsa ya koma wani banki. Mugun bashi a lokacin daɗi ake ba da shi.

Banki mai isasshen jari zai iya faɗuwa?

Ƙwarai. Jari na maganin asara, amma ba ya maganin rububin masu cire kuɗi. Banki yana karɓar kuɗin da za a iya nema gobe, ya ba da rancen shekara biyar ko ashirin. Idan kowa ya zo a rana ɗaya, babu bankin da zai iya biya. A 2007 an ga dogayen layuka a ƙofar Northern Rock a Ingila. A Maris 2023 ba a ma buƙaci layi ba: masu ajiya a Silicon Valley Bank na Amurka sun nemi cire dala biliyan 42 a yini guda ta waya da kwamfuta, washegari, 10 ga wata, hukuma ta rufe shi. Abin lura, ba masu rance ne suka ƙi biyan sa ba. Ya zuba kuɗi a takardun lamuni masu dogon wa'adi lokacin da ruwa ke ƙasa, da babban bankin Amurka ya ɗaga ruwa sai darajarsu ta faɗi, kuma mafi yawan ajiyar da ke hannunsa ta haura dala 250,000 da inshorar ajiya ke karewa. Kwana tara bayan haka aka haɗa Credit Suisse, bankin da aka kafa tun 1856, da bankin UBS, alhali ma'aunin jarin Credit Suisse na asali ya haura kashi 14 a ƙarshen 2022. Yarda ce ta ƙare.

Saboda irin wannan ne Basel ta uku ta wajabta wa banki ya riƙe kadarorin da za a iya mayarwa kuɗi nan take, waɗanda za su ishe shi kwana 30 na matsi.

Mene ne gwajin juriya?

Hukuma ce ke zana mummunan yanayi a takarda, tattalin arziki ya tsuke, rashin aiki ya ƙaru, farashin gidaje ya faɗi, sannan a lissafa abin da zai rage na jarin kowane banki. A 2009 Amurka ta gwada manyan bankuna 19, aka ce 10 daga ciki su nemo ƙarin kusan dala biliyan 75, kuma bayyana sakamakon ya taimaka wajen dawo da natsuwa. Sai dai gwaji bai wuce tambayar da aka yi a cikinsa ba. Bankin Dexia ya ci gwajin Turai a Yulin 2011, a Oktoba aka kai masa ɗauki.

Bankin da ba ya mu'amala da ruwa, shi ma yana da wannan haɗari?

Yana da shi. A murabaha banki ya sayi kaya ya sayar wa mutum da ƙarin riba a biya sannu a hankali. Idan mai saye ya kasa biya, asara ce kamar kowace. Har ma akwai ƙarin nauyi, domin ba a ƙara farashi saboda jinkiri ya zama ribar banki, kuma kafin a sayar, kayan na hannun banki da duk abin da zai same su. A musharaka da mudaraba kuwa, inda banki ke zuba jari a kasuwancin mutum maimakon ba shi rance, banki na cikin riba da asara tsundum, don haka sanin gaskiyar littafin abokin hulɗa ya zama wajibi. Hukumar IFSB da aka kafa a Kuala Lumpur a 2002 ita ke tsara ma'aunin jari da ya dace da irin waɗannan bankuna.

Ni mai ajiya ko ƙaramin mai hannun jari, me zan duba a rahoton shekara?

Kada ka tsaya a shafin farko inda aka rubuta riba da manyan baƙaƙe. Nemi kason bashin da ba ya biyuwa, ka kwatanta na shekara uku ko huɗu a jere, domin alkiblar ta fi adadin shekara ɗaya magana. Kusa da shi akwai tanadin da aka ware: idan bashin da ya lalace yana hawa tanadi kuma yana sauka, ribar da ka gani an ranto ta ne daga gobe. Duba yawan rancen da aka sabunta wa wa'adi, da wanda ke mataki na biyu, wato bai lalace ba amma ya fara tangaɗi. Duba saurin girman rance. Bankin da rancensa ke ninka na sauran bankuna sauri, ko dai ya gano abin da kowa bai gano ba, ko yana karɓar waɗanda wasu suka ƙi. Sai ma'aunin jari, da tazarar da ke tsakaninsa da abin da hukuma ta wajabta.

Can wajen ƙarshen rahoton, cikin bayanan da aka buga da ƙananan baƙaƙe, akwai shafin mu'amala da makusanta, inda ake jera rancen daraktoci da kamfanoninsu, da wani shafin da ke nuna yadda aka rarraba rance tsakanin sassan kasuwanci. Karanta su biyun, sannan ka koma ga wasiƙar masu binciken kuɗi na waje ka ga abin da suka ce ya fi ɗaukar hankalinsu a binciken. Idan kai mai ajiya ne kawai, ka san iyakar abin da inshorar ajiya ke biya a ƙasarka, kuma abin da ya haura wannan iyaka ka raba shi tsakanin bankuna biyu ko uku.